Karo-karon buga littafi: abin da ya kamata ku sani kafin ku karɓi dalar kowa

A ce wata malamar makaranta ce a Dogo, garin nan da ke kan hanyar Damagaram zuwa Magarya. Shekara uku tana rubuta gajerun labarai a cikin kaye, da dare, bayan yara sun yi barci, har sun kai goma sha biyu. Ta karanta wa ƙawayenta sun yaba. Ta saki biyu a WhatsApp, aka yi ta cewa a ƙaro. Yanzu so take ta ga abin ya zama littafi mai bango, wanda za ta miƙa wa mahaifinta ya riƙe a hannu. Ta tambayi kuɗin ɗab'i, aka faɗa mata, ta ji ya ninka albashinta. Kamfanin da zai ɗauki nauyin bugawa kuwa babu shi a kusa. Na Yamai ƙalilan ne, irin su Gashingo, kuma ƙarfin aikinsu ya fi karkata ga littattafan makaranta da na yara.

Matsalar ta girme ta. Abdoulaye Mamani, wanda Damagaram take alfahari da shi, sai a Faris aka buga masa Sarraounia a 1980, domin da Faransanci ya rubuta. Wanda ya rubuta da Hausa ba shi da Faris. Kano ce Faris ɗinsa, mai nisan kilomita 240 ko kusa da haka, kuma a Kano mai injin ɗab'i ba ya tambayar ko labarinki ya yi daɗi. Kuɗi yake tambaya.

Daga nan maganar karo-karo take shigowa. Ma'anarta a taƙaice: marubuci ya sanar da jama'a cewa yana da littafi a hannu, ya faɗi abin da bugu zai ci, ya nemi mutane da yawa su ba da kaɗan-kaɗan tun kafin a buga, a kan cewa kowa zai karɓi nasa kwafin idan ya fito. Wanda ya ba da fiye da kuɗin kwafi ɗaya a saka masa da wani abu, kamar sunansa a shafin godiya. Turawa sun ɗora wannan a kan intanet sun ba shi sabon suna, amma ko a wurinsu tsohon abu ne. Da kuɗin masu biya tun kafin bugu Alexander Pope ya fitar da fassararsa ta waƙar Homer a Ingila daga 1715 zuwa 1720, da sunayensu jere a farkon littafin.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Muna da gayya a gona, muna da adashi, muna da ajon da makaɗi yake kirawa idan buƙata ta taso masa. A jihar Maradi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da ya bazu har ƙasashen da ba su san Hausa ba. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin uwar biki ya ga yarinyar da ake zaunarwa a gefen gado da kaye da biro: wance jaka biyu da turmin atamfa, wance dala ɗari da kwano. Ba don ado ake rubutawa ba. Ranar da bikin wance ya zo za a buɗe wannan shafi, a mayar har da ƙari.

Wannan kaye shi ne abin da nake so mai niyyar karo-karon littafi ya riƙe a ransa. Kuskuren da ya fi kayar da marubuta shi ne ɗaukar kuɗin da aka tara a matsayin kyauta. Ba kyauta ba ne. Mutumin da ya turo miki jaka ɗaya da rabi littafi ya saya, wanda bai riga ya gani ba. Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan ciniki, salam suke ce masa, kuma duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya gamu da shi: a biya kuɗi yanzu, kaya su zo daga baya, da sharaɗin an siffanta kayan, an faɗi yawansu, an yanke lokaci. Ki auna sanarwarki da waɗannan sharuɗɗa. Shafi nawa ne littafin? Labari nawa? Kwafi nawa mutum zai samu? Wane wata? Idan ba za ki iya amsa waɗannan ba, lokacin karɓar kuɗi bai yi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Adabin Hausa na zamani kusan duka da aljihun marubuta aka gina shi, kuma yana da kyau a san yadda aka yi aka zo nan. Da farko hukuma ce uwa da uba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, aka buga su a Zariya. Daga baya aka sami Gaskiya Corporation, aka sami hukumar NORLA, aka sami kamfanin NNPC a 1966, wanda ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Da tattalin arzikin Najeriya ya shiga matsi a tsakiyar shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya suka koma kan littattafan jarrabawa. Matasan Kano ba su zauna jira ba. Suka riƙa kai rubutunsu wurin ƙananan masu ɗab'i, su biya, su kwaso, su kai kasuwa. Ta haka Balaraba Ramat Yakubu ta fito, ta haka In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe ƙasar Hausa har nan Damagaram. Suka kafa ƙungiyoyi suna duba wa juna rubutu, suna tallata littattafan juna a shafukan ƙarshe. Mafi shahara a cikinsu ita ce Raina Kama, kuma wanda ya san ƙarashen karin maganar ya san gayya ce a ciki.

To, me zai hana a hau waɗancan shafuka na Turawa kawai a yi sanarwa? Ana jin labarinsu, kuma labarin yana ruɗi. Kickstarter, da aka buɗe a Amurka a 2009, shi ne babba. A 2022 wani marubuci mai suna Brandon Sanderson ya tara sama da dala miliyan 41 a can, daga hannun mutum dubu 185, don buga littattafai huɗu. Dalar Amurka fa, ba tamu ta Nijar mai tamma biyar ba. Sai dai mutumin ya yi shekaru yana sayar da miliyoyin littattafai kafin ranar, shafin bai ƙirƙiro masa masoya ba, wurin taruwa kawai ya ba su. Sannan shafin yana yankar kashi 5 cikin ɗari, ban da na masu sarrafa katin banki, kuma idan ba a kai adadin da aka nema ba, ko sisi marubuci ba ya samu. Babbar katangar ma ita ce mazauna wasu ƙasashe ƙidayayyu kaɗai ake bari su buɗe neman kuɗi, Nijar da Najeriya ba sa ciki. Na Faransa, irin su Ulule, su ma da asusun banki da kati suke aiki. Ki duba mutanen da za su sayi littafinki: nawa ne a cikinsu suke da katin da zai biya kuɗi a Turai? In kina da ɗan'uwa amintacce a can, yana iya tara na mazauna waje. Na gida kuwa a gida za a tara shi.

Kuma girman kamfani ba ya hana shi faɗuwa. A Ingila an yi wani kamfani mai suna Unbound, wanda daga 2011 sana'arsa ke nan, tara kuɗin masu karatu ya buga littafi. A 2025 ya durƙushe, marubuta suna binsa bashi, waɗanda suka biya suna jiran littattafan da ba su zo ba. Marubutan Hausa da suka zuba littattafansu a OkadaBooks su ma sun ga yadda aka rufe shi a ƙarshen 2023.

Mu koma Dogo, mu yi lissafi, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi, tun kafin a gaya wa kowa. Alƙaluman da zan kawo misali ne kurum don a ga yadda ake ɗora lissafin. Farashin gaskiya yana bakin mai ɗab'i a ranar da aka tambaye shi, kuma a tambayi uku, ba ɗaya ba.

Mai injin ɗab'i ba shafi-shafi yake bugawa ba. Babban falle yake sakawa, a buga gaba da baya, a naɗe, a yanke, ya ba da shafi 16 a girman littattafan da muka saba gani. Saboda haka littafi mai shafi 96 falle shida ne cif, mai shafi 100 kuwa ya shiga na bakwai, za ki biya kuɗin fararen shafuka. Kowane falle sai an yi masa farantin da ake ɗaura wa inji, kuma kuɗin farantin ɗaya ne ko kwafi 100 za a buga ko 1,000. Shi ya sa idan yawan kwafi ya ƙaru kuɗin kowane ɗaya yake sauka, shi ya sa kuma mai ɗab'i zai yi ta zuga ki ki buga dubu biyu. Kada ki biye masa. Littafin da ke jibge a ƙarƙashin gado gara ce take karanta shi.

A ce kwafi 500 za a buga, mai ɗab'i ya ce jaka 350 na sefa. Bugawa a kwamfuta da ladan wanda zai gyara rubutu, jaka 60. Zanen bango 25. Ɗauko kaya daga Kano da aika su garuruwa 40. Kuɗin cire kuɗi da katin waya 15. An sami 490. A ɗora 50 na ko-ta-kwana, ya zama jaka 540. Yawancin masu farawa 350 ɗin nan kaɗai suke nema, sai littafi ya fito su tarar ba su da kuɗin motar da za ta kawo shi.

Idan kwafi ɗaya jaka ɗaya da rabi ne, ana buƙatar mutum 360 kafin a haɗa 540. Wa ya san mutum 360 da za su fitar da kuɗi saboda shi? Shi ya sa ake yin hawa-hawa. Mutum 160 su biya kuɗin kwafi ɗaya, an sami 240. Mutum 30 su ba da jaka biyar-biyar, kowa ya karɓi kwafi biyu da sunansa a shafin godiya, an sami 150. Mutum shida masu hali su ba da 25 kowannensu, a kai kwafi goma-goma makarantar da suka zaɓa da sunansu, an sami wata 150. An cike, da mutum 196, an ba da kwafi 280, saura 220 na kaiwa kasuwa, kuma a cikinsu ribar take. Ku lura da abu ɗaya: mutum 36 ne suka kawo fiye da rabin kuɗin. Waɗannan ba a samunsu da sanarwa a zauren WhatsApp. Takawa ake yi a gaishe su, a zauna, a nuna musu rubutun.

Wanda ya rubuta "Allah ya sa albarka, muna jira" a ƙarƙashin sanarwa bai saya ba tukuna. Kafin ki faɗi wa duniya, ki zauna ki rubuta sunayen mutanen da kika tabbata za su biya: ƴan'uwa, abokan aiki, waɗanda kuka yi makaranta tare, ƴan garinku da ke neman kuɗi a Agadas da Yamai da Legas da Libiya. In sunayen ba su kai rabin abin da ake buƙata ba, a rage yawan kwafi ko a ƙara haƙuri. Kuma a fara da waɗannan a ɓoye, ta yadda ranar da za a yi shela an riga an haɗa wani abu. Mutane sun fi son zuba hatsi a kwaryar da suka ga ba fanko ba ce.

Gajerun labarai suna da nasu hali a kasuwa, kuma ba zan ɓoye ba: sun fi dogon labari wuyar sayarwa. Mai karatun Hausa ya saba da littafi na ɗaya, na biyu, na uku, inda ake yanke labari daidai inda zuciya ta rataya. Amma a wajen karo-karo gajeren labari yana da wata falala da dogon ba shi da ita, wato ana iya ba da ɗanɗano cikakke. A saki labari ɗaya kyauta, daga farko har ƙarshe. A karanta wani da murya a tura, saboda masu saurare sun fi masu karatu yawa, kuma gidajen rediyon karkara kullum suna neman abin da za su cike shiri da shi. Sauran goma a kulle su. Wanda ya saki duka a waya ya gama sayar da littafinsa a kan kyauta, domin abin da ya shiga WhatsApp ba ya komawa gida. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta kuma sa kunnen jama'a ya saba da gajeren labari fiye da da, musamman na mata.

Wata dabarar da na fi yarda da ita: kada mutum ɗaya ya ɗauki jinkar. Marubuta shida su haɗu, kowa ya kawo labari biyu, ɗaya daga Dogo, ɗaya daga Mirya, wani daga Matamai, wata daga unguwar Zango ko Birni a Damagaram. Kowa ya zo da mutanensa talatin da ƴan kai, an cike adadin nan ba tare da kowa ya yi roƙon da zai zubar masa da girma ba. Sharaɗi dai a rubuta tun farko wa ke riƙe kuɗi, yaya za a raba kwafin da suka rage, kuma kowane labari mallakar mai shi ne. Hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, wato BNDA, don irin wannan aka kafa ta.

Sai batun rubutun kansa, wanda a Nijar ya fi ko'ina muhimmanci. Yawancinmu da Faransanci muka koyi riƙe biro, shi ya sa a waya za ka ga an rubuta "tchikin" maimakon ciki, "kouana" maimakon kwana. A saƙo tsakanin abokai ba laifi. A littafi kuwa wannan ya rufe miki kasuwar Kano da Katsina da Sakkwato gaba ɗaya, inda mafi yawan masu karatun Hausa suke. Nijar tana da ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta tabbatar a 1999, kuma bambancinta da ta Najeriya kaɗan ne. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a watan Maris na 2025, uzurin ya ƙara ƙanƙancewa. A biya wanda ya san ƙa'ida ya gyara. A bar wa mutanen cikin labari bakinsu na Damagaram, shi ne gishirin, amma haruffa su zauna daidai. Kuma kafin a tayar da inji a nemi kwafin gwaji a karanta shi shafi-shafi. Na taɓa riƙe wani littafi da duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati fanko, saboda kwamfutar mai ɗab'in ba ta san su ba. Kwafi ɗari biyar, duka haka.

Wajen karɓar kuɗi, hanyoyin da mutane suka saba da su sun isa: Nita, Amana, Al Izza, Airtel Money da makamantansu, ko hannu da hannu. Abin da ake so lamba ɗaya ce da aka ware don wannan aiki kaɗai, ba wadda ake cefane da ita ba. Mutum biyu su san abin da ke shiga, ɗayansu ba marubucin ba. Duk wanda ya biya a rubuta sunansa da garinsa da abin da ya bayar, a tura masa shaida a ranar. Kowane mako a faɗa wa jama'a inda aka kwana, ko da abin kunya ne. A sa wa'adi gajere, kwana talatin zuwa arba'in, kuma a zaɓi lokaci: bayan kaka, ko ƙarshen wata, ba gab da sallar layya ba lokacin da hankalin kowa yana kan rago.

Mai tara sefa ya buga da naira yana da wani haɗari na musamman. Farashin da aka ba ki yau ba lalle ya kai wata biyu ba, domin takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, tana hawa da sauka da canji. Kan iyaka ma ba kullum yake buɗe ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe shi watanni, sai a Maris 2024 aka buɗe. Saboda haka da kuɗi sun haɗu a biya na takarda nan take, a karɓi rasit, a riƙe cikon sai an ga kaya. Ranar da aka yi wa jama'a alkawari kuma a ƙara mata wata biyu a kan wadda mai ɗab'i ya faɗa.

Idan wa'adi ya cika kuɗi ba su haɗu ba fa? Wannan tambaya ce da ake amsa ta a cikin sanarwar farko, ba ranar da abin ya faru ba. Ko dai a mayar wa kowa kuɗinsa, ko a buga kaɗan da ƙaramin inji mai fitarwa kai tsaye daga kwamfuta, wanda kwafinsa ya fi tsada amma ba ya buƙatar faranti. Duk wanda aka zaɓa, a faɗa tun farko. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin littafin wani abokina, shekaru sun shuɗe, ba littafi ba bayani. Kuɗin ba su dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yanzu in ya hango ni sai ya sake hanya, kuma da wani matashi ya zo da irin wannan buƙata a bayansa, da yawa cikinmu muka noƙe.

Wani zai ce ai akwai ƙaddamarwa, irin wadda ake yi a Najeriya, a kira manya su sayi kwafi da kuɗi masu nauyi. Akwai, kuma tana taimako. Sai dai ita bayan bugu take zuwa, an riga an ci bashi, kuma marubuta da yawa sun san bambancin adadin da ake faɗa a lasifika da wanda yake isowa hannu. A yi ta in ana so, a ɗauke ta ƙari, kada a gina lissafi a kanta.

Ranar da kwalaye suka sauka a tasha, kafin a kai ko kwafi ɗaya Kasuwar Dole ta Damagaram, a buɗe kaye. Waɗanda suka biya su ne farko. Na cikin gari a kai musu, na nesa a haɗa na kowane gari a ƙunshi ɗaya a ba motocin safa, mutum ɗaya ya karɓa ya raba. Duk wanda ya karɓa a ja layi a kan sunansa.

Kai kuma mai karatu, idan irin wannan sanarwa ta iso wayarka, tambayi abu uku kafin ka tura kuɗi: an gama rubuta littafin, wa ke riƙe kuɗin, me za a yi idan ba su haɗu ba. In an amsa maka dalla-dalla, ka biya kuɗin kwafi biyu, ɗaya naka, ɗaya na makarantar garinku.